Yadda Ake Sarrafa Imparfait na Faransanci: Ka Bi Ta Kan "Nous", Ka Auna da "Sai"

Na daɗe ina koyar da Faransanci a Maraɗi, da safe a lakwal, da dare kuma a zauren gidana bayan sallar isha'i, inda manya ke taruwa. Akwai 'yan kasuwa da direbobi, akwai kuma waɗanda harka ke kawowa daga Jibiya da Katsina. A wannan zauren ne wani Alhaji mai safarar hatsi ya so ya ba ni labarin yadda buhunan geronsa suka jiƙe. Ya gyara zama ya ce, "J'ai chargé le camion quand la pluie a commencé." Na tambaye shi, "Alhaji, wato sai da ruwa ya sauko sannan ka yi lodin?" Ya kira ni da sunan da ake kiran malamin lakwal, daga monsieur, ya ce, "Haba Mushe, wa zai yi haka? Ina cikin lodi sai ruwa ya kece."

Na ce masa ya maimaita abin da ya faɗa da Hausa, a hankali. Ina cikin lodi, sai ruwa ya kece. Rabin farko aiki ne da ke gudana, ba a ga farkonsa ba, ba a ga ƙarshensa ba. Rabin na biyu abu ne da ya faɗo a kansa farat ɗaya. Faransawa na da lokaci na musamman domin rabin farkon, shi ne imparfait. Abin da ya kamata Alhaji ya ce shi ne, "Je chargeais le camion quand la pluie a commencé."

Tun daga wannan daren na daina fara darasin da dokokin littafi. Bahaushe yana rarrabe "ina sha" da "nakan sha" da "na sha" tun kafin a sa shi makarantar allo. Abin da ya rage masa shi ne ya koyi yadda Faransanci ke ƙera kalmar, sannan ya san wurare biyu da Hausa za ta iya kai shi ta baro.

Mu fara da ƙirar. Zan yi amfani da aikatau boire, wato sha, domin shi ne ke nuna amfanin dabarar a fili.

Kada ka taɓa farawa daga siffar da ke cikin ƙamus. Idan ka ɗauki boire ka yanke masa wutsiya ka liƙa wata, za ka sami "je boiais" ko "je boirais". Na farkon babu shi a harshen, na biyun kuma wani lokaci ne dabam. Ka nemi yadda ake cewa "muna sha" a yanzu: nous buvons. Ka cire -ons na ƙarshe. Abin da ya rage, buv-, shi ne saiwarka. A kanta za ka dasa ɗafa-ƙeya guda 6, kuma ba sa canzawa ga kowane aikatau: -ais, -ais, -ait, -ions, -iez, -aient.

je buvais
tu buvais
il buvait, elle buvait, on buvait
nous buvions
vous buviez
ils buvaient, elles buvaient

Shi ke nan. Ka gwada da duk wanda ya zo maka a rai. Parler yana ba da nous parlons, saboda haka je parlais. Finir yana ba da nous finissons, saboda haka je finissais, da -iss- ɗinsa a ciki, wanda yara ke yawan zubarwa su rubuta "je finais". Prendre, nous prenons, je prenais. Écrire, nous écrivons, j'écrivais. Voir, nous voyons, je voyais. Connaître, nous connaissons, je connaissais. Har su avoir da aller, waɗanda ke wahalar da mutane a lokacin yanzu da su j'ai da je vais, a nan sun kwantar da kai: nous avons, j'avais, nous allons, j'allais.

Guda ɗaya ne ya ƙi bin layi, être. Nous sommes ba ya ƙarewa da -ons, don haka babu abin yankewa. Saiwarsa ét- ce, ka haddace ta: j'étais, tu étais, il était, nous étions, vous étiez, ils étaient. Akwai kuma biyu da ba a yi musu "nous" sam, domin ba mutum ke aikata su ba. Su ne pleuvoir da falloir. Ka riƙe su a dunƙule: il pleuvait, ana ruwa; il fallait, ya kamata ko sai an yi.

Ka ga ke nan wanda bai iya lokacin yanzu ba ba zai iya wannan ba. Idan ɗalibi ya kasa imparfait, sau da yawa nakan tarar ciwon yana can baya, bai san nous buvons ko nous prenons ba. Sai mu koma mu gyara can, nan kuma ya warware da kansa.

Maganar furuci ita ce ke ba manyan ɗalibaina mamaki. Huɗu daga cikin shidan, buvais, buvais, buvait da buvaient, sautinsu ɗaya ne tak. Duk suna ƙarewa da wani "e" mai ɗan buɗewar baki. Ba a furta s, ba a furta t, ba a furta -ent ko kaɗan. Na sha jin mai karatu ya iso ils buvaient ya ja ƙarshen ta hanci kamar yana karanta souvent. A'a, il buvait da ils buvaient kunne ba ya raba su, ido ne ke rabawa. Shi ya sa mai koyon magana kawai, kamar direban da ke son ya fahimci jandarma a hanya, sauti 3 ne aikinsa: "e", "yon" mai fita ta hanci, da "ye". Mai shirin jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare kuwa dole ya san duka shidan a rubuce, domin a dikte, wato shifta, nan ake zubar da maki.

Bambancin nous buvons da nous buvions ɗan ƙaramin "y" ne da ke maƙale bayan baƙin. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a bakinmu. Wanda ke raba "kau" da "kyau" zai raba waɗannan. Sai dai a lura da v, kada ta koma b, a ce "bube". Nakan sa yara su ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa su yi ta jan sautin kamar ƙudan zuma har ya zauna. Faire shi ma yana da nasa: ana rubuta je faisais, amma "ai" na farko ba a buɗe shi, ana furta shi a takure kamar e na le, yadda ake yi a nous faisons.

Wannan -ais ɗin ma ba haka ake rubuta shi a da ba. Wanda ya buɗe tsohon littafin Faransanci zai ga "il étoit" da "je parlois". Marubucin nan Voltaire yana cikin waɗanda suka dage a rubuta shi yadda ake furtawa, amma sai a 1835 hukumar harshen, Académie française, ta amince da -ais a ƙamusunta. Nakan gaya wa yara wannan don su san rubutun da ke ba su wuya mutane ne suka zauna suka tsara shi.

A wajen rubutu akwai ramuka 3, kuma dukkansu dalili ɗaya ne ko makamancinsa, wato kiyaye sauti. Aikatau masu ƙarewa da -ger, irin charger na Alhaji da manger da voyager, suna riƙe e a gaban a don g ta ci gaba da laushinta: je chargeais, il mangeait, ils voyageaient. Idan ka cire e ɗin ka rubuta "je mangais", g ta koma ta "gari". Amma a gaban i ba a bukatarsa, don haka nous mangions, vous mangiez. Masu ƙarewa da -cer kuma suna sa 'yar wutsiya a ƙarƙashin c a gaban a: je commençais, ils commençaient, amma nous commencions babu wutsiya. Na ukun shi ne wanda ido ke ƙi, i biyu a jere. Étudier yana ba da nous étudions, saiwa étudi-, ka ƙara -ions, ka sami nous étudiions da vous étudiiez. Daidai ne, kada ka goge ɗaya. Haka nous riions daga rire, da nous payions da nous croyions masu y da i tare. Na taɓa ganin yarinya ta rubuta étudiions daidai, ta dube shi ta dube shi, ta sa magogi ta share i ɗaya saboda ya yi mata kama da kuskure. Abin ya tsaya mini a rai, don ta bi doka ta samu, tsoro ne ya ƙwace mata.

Yanzu ga inda na fi son in daɗe, wato yaushe ake amfani da shi.

A Hausa, "ina shan shayi" ba ya ɗauke da lokaci a jikinsa. Yana iya zama yanzu, yana iya zama jiya. Kalmomin da ke kewaye ne ke faɗa: "jiya war haka ina shan shayi". Faransanci kuwa yana cusa lokacin a cikin aikatau ɗin kansa. Yanzu, je bois du thé. Jiya war haka, je buvais du thé. Saboda haka duk inda ka ji kanka kana ba da labarin baya da ina, kana, yana, muna, ana, to imparfait ne ke kiranka. Inda kuma "sai" ya shigo da abin da ya katse, wannan passé composé ne, wato lokacin abin da ya faru ya ƙare, irin a commencé a jimlar Alhaji. Muna cin tuwo sai aka ɗauke wuta: nous mangions quand on a coupé le courant. Tana barci sai wayar ta yi ƙara: elle dormait quand le téléphone a sonné. Idan ayyuka biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa babu mai katse wani, duka biyun imparfait ne. Inna tana daka, yara suna wasa: maman pilait, les enfants jouaient.

Na biyu shi ne abin da malaman nahawun Hausa ke kira lokaci sabau, mai "kan". Da can nakan je, mukan yi, sukan zo. Muna yara mukan sha fura kullum da rana: quand nous étions enfants, nous buvions de la boule tous les midis. A Faransancin Nijar la boule ake ce wa fura. Kakana yakan je kasuwa kowace Juma'a: mon grand-père allait au marché tous les vendredis. Kalmomi irin su souvent, d'habitude, chaque jour, autrefois, à l'époque suna yawan rakiyar wannan amfani, kamar yadda "kullum" da "a da" ke yi a wajenmu.

Na uku shi ne shimfiɗar labari, yadda gari yake, yadda mutum yake, shekarunsa, abin da yake ji a jikinsa. A nan harsunan biyu suna tafiya tare har abin ya ba ka sha'awa. Ina da shekara 10, j'avais dix ans. Su ma "da" shekaru suke kamar mu. Akwai mutane da yawa, il y avait beaucoup de monde. Babu ruwa a rijiyar, il n'y avait pas d'eau dans le puits. Ana zafi, il faisait chaud. Ranar kasuwa ce, c'était le jour du marché. Waɗannan huɗun, il y avait, c'était, il faisait, j'avais, in ka riƙe su ka riƙe rabin labarin da za ka taɓa bayarwa. Tatsuniyarsu ma da shi take buɗewa. Inda muke cewa "ga ta nan ga ta nanku", su sai su ce "il était une fois".

To ga wurare biyun da na ce Hausa na iya yaudararka.

Na farko ya shafi aikatau na hali. Mu mukan ce "na sani", "na gaji", "ya tsufa", da siffar abin da ya riga ya wuce, alhali halin da ake ciki muke nufi. Idan ɗalibi ya ce a ransa "a lokacin na san gidan", hannunsa sai ya tafi ga passé composé saboda ya ji "na", ya rubuta "j'ai connu la maison". Abin da yake nufi shi ne je connaissais la maison, domin sanin yana nan shimfiɗe a lokacin. Haka "na san ba ya nan" je savais qu'il n'était pas là ne. Idan ka ce j'ai su, ma'anar ta koma "sai na samu labari", wato lokacin da sanin ya shigo. "A lokacin ya tsufa" il était vieux ne. Gwajin da nake ba su shi ne su tambayi kansu: wani abu ne ya faru, ko hali ne ake ciki? Idan hali ne, ko da Hausa ta ce "na", imparfait za ka sa.

Na biyu kishiyar wannan ne. Mukan ce "na yi shekara 3 ina zaune a Damagaram". Ɗalibi ya ji "ina", ya rubuta "j'habitais trois ans à Zinder". Bafaranshe ba zai faɗi haka ba. Da zarar an kewaye lokacin da shinge, an faɗi tsawonsa daga farko zuwa ƙarshe, ya zama abu guda da aka gama: j'ai habité trois ans à Zinder. In ka duba da kyau, Hausar ma ta gaya maka, domin jigon jimlar "na yi shekara 3" ne, ba "ina zaune" ba. Haka idan aka ƙidaya sau nawa. Na je Yamai sau 4, je suis allé quatre fois à Niamey. Amma nakan je Yamai kowane wata, j'allais à Niamey tous les mois. Tsawon lokaci ba shi ne ma'auni ba. Abin da ya ɗauki shekara 40 yana iya zama passé composé, abin da ya ɗauki minti ɗaya yana iya zama imparfait. Ma'aunin shi ne ko mai magana yana tsaye a tsakiyar abin yana kallo, ko ya fito ya rufe ƙofa.

Akwai sauran amfani, yawancinsu ba su shafi baya ba sam, zan ratsa su da sauri, sai ɗaya. Idan kana son ka roƙi abu cikin ladabi a ofis, je voulais vous demander un service ya fi je veux taushi nesa ba kusa ba, kamar yadda mu ma mukan ce "da ma ina so ne in tambaya". Idan shawara za ka kawo, si on allait au marché? yana nufin "ko mu je kasuwa ne?" Idan kana ba da rahoton maganar wani, lokacin yanzu nasa yakan koma imparfait: ya ce ba shi da lafiya, il a dit qu'il était malade.

Wanda zan tsaya a kansa shi ne "da ... da". Da ina da kuɗi da na sayi babur: si j'avais de l'argent, j'achèterais une moto. Bayan si, imparfait. A ɗaya ɓangaren, conditionnel, wato siffar "da na yi", irin j'achèterais. Rikicin yana zuwa ne saboda su biyun ɗafa-ƙeyarsu iri ɗaya ce, sai dai conditionnel kullum yana da r kafin ɗafa-ƙeyar: je parlais da je parlerais, je buvais da je boirais. Mu kuma "da" ɗinmu iri ɗaya ne a duka ɓangarorin, sai hankali ya so ya daidaita su, a ce "si j'aurais". Wannan kuskure ne da har 'ya'yan Faransawa ke yi, shi ya sa malamansu ke da wata 'yar magana ta tunatarwa, "les si n'aiment pas les -rais". A wannan irin jimla ta sharaɗi, in ka ji conditionnel ya biyo bayan si, ka koma ka mayar da shi imparfait. Sai dai idan abin ya riga ya wuce ne ba dawowa, kamar "da na sani da ban je ba", wannan wani lokaci ne, plus-que-parfait, wanda shi ma da imparfait na avoir ko être ake gina shi: si j'avais su. Darasin wata rana ne.

Wani ya taɓa tambayata ko duk wannan wahalar tana da sauran amfani, tunda a 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Na yi murna da wannan mataki ƙwarai. Amma Faransanci yana nan a matsayin harshen aiki, da shi ake rubuta takardu da yawa, kuma duk wanda zai kai kaya Kwatano ko Lome ko Abijan zai bukace shi. Ni a ganina daraja Hausa ita ce ma ke sauƙaƙa koyon, domin ɗaliban da suka fi saurin kama imparfait a zaurena su ne waɗanda suka yarda su fara faɗin jimlar da harshen uwarsu su saurare ta.

Ga aikin da nake bayarwa, ka yi shi yau da dare. Ka ɗauki kaye da biro. Ka tuna gidan da ka tashi, ka rubuta jimla 5 da Hausa a kan yadda yake da abin da akan yi a cikinsa, da "akwai" da "mukan" da "ana". Sannan ka rubuta jimla 3 masu "ina cikin ... sai". Ka ja layi ƙarƙashin kowane aikatau. A gefen takarda ka rubuta siffar nous ta kowanne a lokacin yanzu, ka soke -ons da biro a zahiri, kada ka yi a ka, sannan ka dasa ɗafa-ƙeyar. Ka karanta da ƙarfi. Duk inda ka ga "na" a Hausarka, ka tsaya ka tambaya ko faruwa ce ko hali. Duk inda ka ga adadi na shekaru ko na "sau", ka duba ko an rufe shingen. Ka yi haka kwana 7, kana canza wuri: gida, kasuwa, gona, tasha, makaranta.

Alhajin nan ya yi nasa. Bayan mako guda ya zo da takarda a ninke cikin aljihun rigarsa, ya miƙo mini ya ce, "Mushe, duba mini wannan." Ya rubuta: "Quand j'étais petit, mon père vendait du mil. Il y avait un grand tamarinier devant la maison. Nous mangions sous l'arbre. Un jour, je dormais là-bas quand mon oncle est arrivé de Kano." Na karanta sau 2. Wuri ɗaya na sa jan biro, ya manta 'yar alamar da ke kan a na là-bas. Ya karɓi takardar ya gyara da hannunsa, sannan ya ci gaba da ba mu labarin tsamiyar da Hausa, har shayin da ke kan gawayi ya ƙone.